Kafin mu sake dasa wata bishiyar, wa zai gyara famfon?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau magana ce kan gyara. Eh, gyara kawai. Mu matasa mun iya ranar dashen bishiya: a sa riga iri ɗaya, a ɗauki hoto, a zuba a Facebook. To amma bishiyar nan da ka riƙe a leda, watanni ta yi a wurin renon itatuwa kafin ta zo hannunka, kuma wahalar duk a can take.

Bari in faɗa muku yadda abin yake. Ana cika leda da ƙasa, yashi da taki tun da rani, a shuka iri, don ya isa dashe idan damina ta zauna, wajen Yuli zuwa Agusta. Ke nan renon yana faɗowa daidai lokacin da rana ta fi zafi, Maris da Afrilu. Ban ruwa safe da yamma, babu fashi. Famfon rijiyar burtsatse ya lalace kwana uku a wannan zafin, wallahi dubban tsirrai za su iya bushewa. Wani lokacin ma ba lalacewa ba ce, ƙurar hunturu ce ta rufe farantin sola, ba wanda ya goge.

Ga shinge. Waya ta tsinke wuri ɗaya, awaki su shiga da yamma, aikin wata biyu ya tafi. Ga rumfar zana da iska ke yayewa, ga gara tana cin dirka, ga saiwa da ke huda leda ta kama ƙasa in ba a riƙa ɗaga ledojin ba. Duk wannan ba ya cin miliyoyi. Mutum yake buƙata wanda zai duba kullum, da ɗan kuɗin da zai sayi bututu ko ƙusa a ranar, ba sai takarda ta zagaya ofis-ofis ba.

Haka abin yake a gandun daji. Ku ɗauki Yankari a jihar Bauchi, wanda aka keɓe tun 1956, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000. Mu Wikki muka sani, mu yi wanka mu dawo. Amma giwayen da ke ciki, tsaronsu ya rataya ne a kan masu gadin daji, su kuma sai da mota mai lafiya da hanya mai biyuwa. Damina ta cinye kwalbati ɗaya, wani yanki ya fita daga sintiri, mafarauta kuma ba sa jiran a gyara.

Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya ratsa jihohi 11 na arewacin Najeriya. Tambayata ita ce: idan an zo ƙaddamar da wurin reno a garinku, wa ke tambayar kuɗin kula da shi?

Don haka ga abin da nake roƙo. Ƙungiyarku in za ta dasa 500, ta dasa 100, ragowar kuɗin a ajiye don ruwa, kariya da gyara. A rubuta sunan wanda kowace bishiya ke wuyansa. Cikinku a samu mutum biyu su koyi gyaran famfo da sola, sana'a ce mai kawo abinci. Sannan ku je wurin reno mafi kusa da ku, ku gaida ma'aikatan, ku tambaye su me ya lalace.

Hoton da nake son gani shi ne na watan Afrilu, bishiyar tana raye. Ku turo mana shi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.