Rigakafin Ƙanjamau ga Mai Juna Biyu da Mai Shayarwa
Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na reshe



Kwamitin jin daɗin malamai ya ɗora mini nauyin yin magana a kan al'amarin da kunya ke hana mu tattaunawa, wato yadda mace mai juna biyu ko mai shayarwa za ta kare kanta da ɗanta daga ƙwayar cutar HIV, mai haddasa ƙanjamau. Maganata a kan macen da aka gwada ne aka tarar ba ta da cutar, amma tana zaune cikin haɗarin kamuwa. Wataƙila maigidanta na ɗauke da ita, ko ya ƙi yarda a gwada shi, ko kuwa an yi mata abokiyar zama ba tare da gwaji ba.

Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar, kuma ta fi yawa a cikin mata. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure. Mataki ne mai kyau, sai dai takardar gwaji halin da ake ciki a lokacin gwajin kawai take shaidawa, zaman aure kuwa na shekaru ne. Daga shigar ciki zuwa yaye akan ɗauki kusan shekara uku, kuma a ƙarshen ciki da lokacin jego jikin mace ya fi saurin kamuwa. Idan ta kamu a wannan tsakani, ƙwayar kan yi yawa ƙwarai a jininta a makonnin farko, ta haka take samun hanyar isa ga jariri, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa idan ba a ɗauki mataki ba, daga 15 zuwa 45 cikin ɗari na jariran da iyayensu mata ke da cutar za su kamu.

Maganin rigakafin, wanda ma'aikatan lafiya ke kira PrEP, iri huɗu ne a yau.

Na farko ƙwaya ce mai ɗauke da sinadarin tenofobir, ana shan ɗaya kullum. Hukumar ta amince da ita tun 2015, kuma ita aka fi daɗewa ana gwadawa a kan masu ciki da masu goyo. Abin da ke shiga nono daga cikinta kaɗan ne ainun. Tana buƙatar kwana bakwai kafin ta fara kariya, kuma ƙarfinta ya dogara ne ga shan ta ba fashi. Mai ciwon hanta nau'in B kada ta daina sha sai da sanin likita, domin ciwon na iya tasowa.

Na biyu zobe ne mai laushi mai ɗauke da maganin dafibirin, wanda mace ke sanyawa a gabanta da kanta, ta sauya bayan wata guda. An amince da shi a 2021. Kariyarsa ba ta kai ta ƙwaya ba, gwaje-gwajen farko sun nuna yana rage haɗari da kusan kashi ɗaya bisa uku. Amma ga wadda laulayi ya hana ta haɗiyar ƙwaya, ko wadda ba ta da wurin ajiye kwalbar magani a ɗakinta, da babu gara ba daɗi.

Na uku allurar kabotegirabir ce, wadda aka amince da ita a 2022. Ana yin biyu na farko da tazarar wata ɗaya, daga nan sai duk bayan wata biyu.

Na huɗu allurar lenakafabir ce, sau biyu kacal a shekara, wadda Hukumar ta amince da ita a 2025. A gwajin da aka yi wa mata sama da 5,000 a Afirka ta Kudu da Yuganda, an bar waɗanda suka samu ciki su ci gaba da karɓa idan sun so.

Wanne ya fi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamar da aka tura makarantar ƙauye mai nisa da asibiti, lissafinta daban yake da na wadda ke cikin gari. Maganin da mace za ta iya riƙewa har ta yaye ɗanta shi ne ya fi mata. Ba kowane asibiti ke da su duka ba, saboda haka a tambayi ma'aikaciyar jinya ranar awo abin da ake da shi. Duka huɗun sai an yi gwaji kafin a fara, ana kuma maimaita shi lokaci-lokaci, kuma ba sa kare sauran cututtukan sanyi. Wadda kuma ta faɗa haɗari ba shiri, kamar wadda aka yi wa fyaɗe, ta je asibiti kafin awa 72 ta cika, akwai maganin kwana 28.

'Yan'uwana maza, rabin wannan nauyi a wuyanku yake. Mijin da ke shan maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa matarsa. Ku raka iyalinku awo, a gwada ku tare. Matar da ta nemi rigakafi, lafiyar ɗanku take nema, kada ku ɗauke shi zargi.

Mu kuma malamai, mu ne ke kiran suna kowace safiya, mun san yaron da ya daina zuwa saboda jinyar uwa. Iyaye mata na jin maganarmu a taron iyaye da malamai, mu faɗa musu su nemi a sake gwada su a ƙarshen ciki da lokacin shayarwa. Abokiyar aikin da muka ga tana shan magani kuwa, mu rufa mata asiri, domin tsegumin ofishin malamai kan sa mace ta jefar da maganinta.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.