Jawabi Kan Duwatsun Ƙasarmu

Duk wanda ya taso daga Tsafe za shi Gusau, tilas idonsa ya sauka kan Dutsen Kwatarkwashi na ƙasar Bunguɗu, inda mikiya ke sheƙa. A gindin duwatsun nan Katsinawa da Zamfarawa da Fulani suka zauna tun dā, ga kuma 'Yandoto, tsohon garin malamai. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau, sai ga Yarbawa da Ibo da Kwara, cinikin gyaɗa da auduga ya jawo su.

Yau tsoron 'yan bindiga ya sa baƙi sun ɗauke ƙafa. To, ku da kuka yi rangadi nan, ku rubuta wa jikokinku sunan kowane ƙauye da asalin mutanensa tun kuna iya tunawa.