Rabon Iko Tsakanin Majalisa da Shugaban Ƙasa da Kotu

Jama'a, sau da yawa idan aka ji a rediyo cewa Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da mutumin da Shugaban Ƙasa ya aika mata da sunansa, ko kuwa wata kotu ta soke abin da gwamnati ta zartar, sai hankalin mutane ya tashi. Wasu su ce ai kan gwamnati ya rabu, wasu kuma su ce an raina shugaba. Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana cewa da gangan aka shuka irin wannan ja-in-ja cikin Tsarin Mulkin ƙasar nan, a kuma nuna dalilin da ya sa aka yi haka.

Tsarin Mulkin da ake aiki da shi tun ran 29 ga watan Mayu, 1999, ya kasa ikon gwamnati gida uku. Sashe na 4 ya ba Majalisar Ƙasa ikon yin doka, watau Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da Majalisar Wakilai mai kujeru 360. Sashe na 5 ya ɗora wa Shugaban Ƙasa aikin zartar da dokokin, sashe na 6 kuwa ya damƙa shari'a a hannun kotuna. Haka kuma abin yake a kowace jiha, tsakanin Gwamna da Majalisar Dokoki da kotunan jihar.

Asalin wannan dabara tsohuwa ce. Wani masani ɗan Faransa mai suna Montesquieu ya yi bayaninta cikin littafinsa na 1748, inda ya nuna cewa muddin mutum ɗaya ne ke yin doka, shi ke zartar da ita, shi ne kuma alƙali, to talaka ba shi da wurin kai kuka. Mutanen Amurka suka ɗauki shawarar suka gina tsarin mulkinsu na 1787 a kanta. Nijeriya kuwa da farko tsarin Ingila ta gada. A Jamhuriya ta Farko, Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ministocinsa duk 'yan majalisa ne, watau masu zartarwa suna zaune cikin masu yin doka. Sai a 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin tsara sabon Tsarin Mulki a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, aikin da ya haifi tsarin shugaba mai cikakken iko wanda ya fara aiki ran 1 ga Oktoba, 1979. Tun daga nan, ɗan Majalisar Ƙasa da aka naɗa minista ya rabu da kujerarsa ke nan, ba ya riƙe biyu.

Wanda yake son ya san amfanin rabon iko, sai ya dubi zamanin da babu shi. A mulkin soja babu majalisar da jama'a suka zaɓa. Waɗanda ke zartarwa su ne ke yin doka. A 1970 Kotun Ƙoli ta yi shari'ar wani mutum mai suna Lakanmi, wanda aka ƙwace wa dukiya a Jihar Yamma, aka kuma yi dokar soja a 1968 don tabbatar da ƙwacen. Kotun ta ce dokar da ta ambaci sunayen mutane ta yanke musu hukunci ta shiga gonar alƙalai, saboda haka ba ta da inganci. Ba a yi nisa ba gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 28 ta 1970, wadda ta rushe hukuncin, ta kuma hana kotuna tuhumar ingancin kowace dokar soja. Shi ya sa aka rubuta cikin sashe na 4 na Tsarin Mulki cewa majalisa ba ta da ikon yin dokar da za ta toshe wa mutane ƙofar kotu.

To amma raba iko kaɗai bai isa ba, domin kowane ɓangare yana iya zama sarki a nasa fagen. Saboda haka sai aka ba kowannensu linzamin da zai ja ɗan'uwansa. Idan majalisun biyu suka zartar da shirin doka, Shugaban Ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisun suna iya sake zartar da shi da ƙuri'ar kashi biyu bisa uku a kowace majalisa, ya zama doka ba tare da hannunsa ba. An yi haka a shekarar 2000 game da dokar da ta kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta. Kuɗi ma haka: ko kwabo ba a fitar da shi daga baitulmalin Tarayya sai da izinin doka, don haka dole Shugaban Ƙasa ya kai kasafin kuɗi gaban majalisa kowace shekara. Ministoci da jakadu da Babban Jojin Nijeriya, duk sai Majalisar Dattawa ta amince kafin naɗinsu ya tabbata.

Ita ma majalisa tana da nata linzamin. A 1981 an sami saɓani tsakanin Majalisar Dattawa da ta Wakilai kan dokar rabon kuɗin shiga tsakanin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Aka miƙa maganar ga kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu, kwamitin ya tsai da shawara, aka wuce da ita kai tsaye wurin Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu, ba tare da an mayar da ita zauren majalisun ba. Gwamnatin Jihar Bendel ta kai ƙara. Kotun Ƙoli ta ce kwamiti ba majalisa ba ne, ta soke dokar ɗungurungum, tilas aka koma aka sake bin hanyar daga farko. A lura da kyau, kotun ba ta ce rabon ya yi kyau ko bai yi ba, wannan aikin 'yan majalisa ne. Abin da ta duba kawai shi ne ko an bi ƙa'ida.

Makami mafi kaifi a hannun majalisa shi ne tsige shugaba, kuma a nan ne aka fi ganin yadda abin kariya kan koma abin cutarwa. Sashe na 143 game da Shugaban Ƙasa, da sashe na 188 game da Gwamna, sun shimfiɗa matakai: takardar zargi mai ɗauke da sa hannun aƙalla kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa, sa'an nan ƙuri'ar kashi biyu bisa uku a kan a yi bincike, sa'an nan Babban Joji ya naɗa mutum bakwai su bincika, daga ƙarshe a sake ƙuri'ar kashi biyu bisa uku. Gwamna na farko da aka tsige a ƙasar nan shi ne Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na Jihar Kaduna, cikin watan Yuni, 1981. Shi ɗan jam'iyyar PRP ne, majalisar jihar kuwa NPN ke da rinjaye, har ta ƙi amincewa da mutanen da ya zaɓa kwamishinoni, ya yi kusan shekara biyu yana mulki ba su. Da maganar ta je kotu, sai alƙalai suka ce Tsarin Mulki ya hana su sa baki cikin sha'anin tsigewa.

Bayan shekara 25 sai kotu ta sake duban lamarin da wani ido. A watan Janairu, 2006, aka tsige Gwamna Rashidi Ladoja na Jihar Oyo, bayan 'yan majalisa 18 daga cikin 32 sun yi zamansu a wani otel a Ibadan. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe tsigewar, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a watan Disamba na shekarar, Ladoja ya koma kujerarsa bayan wata 11. Hujjar kotun ita ce, hanin da aka yi mata na sa baki yana aiki ne idan majalisa ta cika matakan da aka shimfiɗa mata. In ta tsallake su, to babu abin da zai kare ta. Wannan fassara ta fi dacewa da hankali, don in ba haka ba kowane gungun 'yan majalisa na iya haɗuwa a ɗaki su kori wanda miliyoyin mutane suka zaɓa.

Su ma alƙalai ba a bar su sakaka ba. Shugaban Ƙasa ke naɗa manyansu bisa shawarar Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, kuma ana iya cire Babban Jojin Nijeriya idan kashi biyu bisa uku na Majalisar Dattawa suka nemi haka saboda rashin lafiya ko rashin ɗa'a. An tsananta sharaɗin ne don kada alƙali ya riƙa yanke hukunci yana waiwayen kujerarsa.

Akwai wani rauni da bai kamata a ɓoye wa jama'a ba. Kotu ba ta da 'yan sanda nata, ba ta kuma riƙe da mabuɗin baitulmali. Sashe na 287 ya wajabta wa kowace hukuma da kowane mutum bin hukuncin Kotun Ƙoli, amma masu aiwatar da hukuncin suna ƙarƙashin ɓangaren zartarwa ne, wanda sau da yawa shi ne aka yi ƙara. A 2004 Gwamnatin Tarayya ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Jihar Legas saboda jihar ta ƙirƙiro sababbi 37. A watan Disamba na shekarar Kotun Ƙoli ta ce sababbin ƙananan hukumomin ba su kammalu ba sai Majalisar Ƙasa ta yi nata aikin, amma ta ce Shugaban Ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin. Kowane ɓangare ya kama rabin hukuncin da ya yi masa daɗi, jayayya ta ci gaba, albashin ma'aikata da ayyukan ƙananan hukumomin suka shiga matsi. Ba a kammala sakin kuɗin ba sai bayan da Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau mulki a 2007.