Kufai a Ƙarƙashin Ruwa: Aikin da Wanda Bai Iya Iyo Ba Zai Iya Farawa

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a babban zauren makaranta, Zuru)



Lokacin da Sakatare ya faɗi kan maganar da zan yi, na hango 'yan ajinmu can baya suna ƙyafta wa juna ido. Ban ga laifinsu ba. Sun san cewa in an tafi rafi wanki ranar Asabar, ni ne mai gadin sabulu da takalma a bakin gaɓa. Ga shi kuma mu mutanen Zuru da duwatsu da noma da aikin soja aka san mu. To, me ya haɗa ma'aikacin ofis irina da binciken kayan tarihi a ƙarƙashin ruwa?

A shekarar 2022 aiki ya kai ni ƙaramar hukumar Ngaski, ya zamana sai na shiga jirgi daga Warrah. Muna cikin tafiya, ruwa shimfiɗe ba komai a gabanmu, sai dattijon da ke tuƙi ya rage wuta, ya yi kwana, ya kewaye wani wuri. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Yaro, tsamiyar kasuwarmu ce a nan, kututturenta na nan har yanzu." Sannan ya nuna mini da haɓa inda gidan mahaifinsa yake, da inda maƙera take, da inda aka binne kakansa. Ni dai ruwa kawai nake gani. Da muka sauka a wata gaɓa da ruwa ya ja baya, na ga tsingaro birjik. Na ɗauki wani mai zane, na sa aljihu, na kawo gida ina murna. Zan dawo kan wannan tsingaron nan gaba.

Abin da Kainji ta haɗiye

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai tsawon kilomita 130 da wani abu, ya miƙo har Yelwan Yauri, wato nan cikin yankinmu na Kebbi ta Kudu. An tayar da mutum wajen 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200, aka gina musu sababbin matsugunai. Tsohon garin Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, yana ƙarƙashin ruwa yanzu. Haka gungu da dama na Gungawa, da gonakin Kambari da na sauran maƙwabtansu.

Kafin ruwa ya taso, masana daga Jami'ar Ibadan da Jami'ar Colorado ta Amurka sun yi tono cikin gaggawa a wasu tuddai. Kusa da Yelwa sun sami mutum-mutumi na yumɓu waɗanda suka haura shekara 1,000. Amma lokaci ya ƙure musu, abin da suka ceto kaɗan ne. Saura ruwa ya rufe.

A 2001 hukumar UNESCO ta fito da yarjejeniyar kare kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa, Nijeriya kuma ta sa hannun amincewa a 2005. Ma'aunin da yarjejeniyar ta sa shi ne abu ya shekara 100 cikin ruwa. In muka auna garuruwan Kainji da wannan ma'auni, sai 2068 za su cika. To, jama'a, yaron da yake da shekara 15 ranar da aka tashe su, yau ya haura 70. Wa zai rage a 2068 da zai ce wa masu bincike nan ce maƙera, nan ce kasuwa? Wannan tambaya ita ce ta kawo ni gabanku.

Ba nutso ne farkon aikin ba

Da na dawo gida na shiga neman sani, sai na tarar da abin da ban zata ba. Mutumin da ake ɗauka uban wannan fanni, George Bass, ɗalibin ilimin kayan tarihi ne a Jami'ar Pennsylvania, ba gwanin ruwa ba. A 1960, gab da zai tafi Turkiyya ya tono wani jirgi da ya nutse fiye da shekara 3,000 da suka wuce, sannan ya ɗauki 'yan darussan nutso. Abin da ya nuna wa duniya shi ne, ana iya yin aiki a ƙasan ruwa da irin tsarin da ake yi a tudu: a auna, a zana, a rubuta, sannan a taɓa.

Ga kuma misali na gida. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da katako a zurfin wajen mita 5. Bai fasa shi ya yi itacen girki ba, ya kai labari. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus suka fito da shi: kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, mai shekara wajen 8,000, wanda ba a sami wanda ya girme shi ba a Afirka. Babu wanda ya yi nutso a wannan aiki. Abin da ya cece shi laimar ƙasa ce, da hankalin wanda ya fara ganinsa.

Akwai ƙungiya a Ingila mai suna Nautical Archaeology Society, wadda ke ba da darussan share fage ta intanet ga masu nutso da waɗanda ba sa yi. Da irin wannan karatu na fara, da dare bayan an tashi aiki. Ga ayyuka huɗu da na koya, waɗanda kowane ɗayanku zai iya yi ƙafarsa a bushe.

Na farko, ɗaukar bayani daga bakin dattawa. A zauna da wanda ya rayu a tsohon gari, a naɗi muryarsa da waya, a sa shi ya zana garin a ƙasa da tsinke: ina ƙofa, ina rijiya, ina maƙabarta, wane dutse ko tudu ake hangowa daga ina. A tambayi mata su ma, don su suka san inda ake ɗebo yumɓu da inda ake gasa tukwane.

Na biyu, tambayar masunta. Sarkawa sun san duk inda ragarsu ke sarƙewa, kuma sau da yawa inda raga ta sarƙe akwai kututture ko bango. Wayar hannu tana iya ba da lambar wurin, a rubuta.

Na uku, awo. Ana kafa turaku biyu, a san tazarar da ke tsakaninsu. Kowane abu da aka gani, a auna nisansa daga turke na farko, a auna daga na biyu. A kan takarda, inda awon biyu suka haɗu nan ne wurinsa. Malaminmu na lissafi ya koya mana wannan da kamfas a aji uku, muna hamma. Da shi masu nutso ke aiki a ƙasan teku, da shi kuma za a auna duk abin da ya fito fili in tafki ya ja baya.

Na huɗu, sanin abin da ba a yi. Nan ne tsingarona ya shigo. Darajar irin wannan abu tana ga wurin da aka same shi da abin da ke kusa da shi. Ni ban auna ba, ban ɗauki hoto ba, yau ko an sa mini wuƙa ba zan iya nuna daidai inda na tsince shi ba. Na mayar da shaidar tarihi tarkacen kan tebur. Katako ma ya fi haka haɗari, domin wanda ya daɗe a ruwa in ya bushe sai ya tsage ya lanƙwashe. Jirgin Mary Rose na Ingila, wanda ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982, sai da aka shekara 30 ana fesa masa ruwa da wani irin kaki kafin a bar shi ya fara bushewa. Shi ya sa yarjejeniyar UNESCO ta ce zaɓi na farko shi ne a bar abu inda yake, ta kuma hana cinikinsa. Wanda ya ga wani abu, ya ɗauki hoto, ya sanar da mai gari da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Ga mai sha'awar shiga ruwan

Ƙannena ɗalibai, na san akwai wanda zuciyarsa ta riga ta tafi ga tukunyar iska da gilashin fuska. Madalla, amma a bi a hankali. A fara koyon iyo sosai. Ni sai da na haura shekara 30 na koya, a kwamin wanka na wani otal, yara na yi mini dariya. Bayan nan a nemi malami mai takardar shaida. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu. Saboda haka mai shaƙar iskar tukunya ba ya riƙe numfashi, ba ya tasowa da sauri, ba ya kuma shiga shi kaɗai. Takardar shaidar farko ba ta wuce zurfin mita 18.

Ruwanmu kuma yana da nasa hali. In farin ruwa ya zo da damina, laka ba ta barin mutum ya ga tafin hannunsa. Sai baƙin ruwa, wanda ke isowa da hunturu bayan ya zubar da lakarsa a ƙasar Mali, shi ne ya fi haske. Ga dorina, ga tsofaffin raguna da ke kama ƙafa, ga tsargiya a bakin gaɓa. Duk wanda ya tuna hatsarin jirgin Warrah na watan Mayun 2021 ya san ruwan nan ba abin wasa ba ne. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai.

Roƙona ga Ƙungiya

Malam Shugaba, abu uku nake roƙo, kuma ba masu tsada ba ne. A farfaɗo da kulob ɗin tarihi na makaranta, a saya masa tef ɗin awo biyu da littattafan rubutu. A fara gwaji nan gida, a kufan da kakanninmu suka baro a kan duwatsu, domin dattawan da suka san su su ma suna ƙarewa. Sannan a hutun ƙarshen shekara, mambobinmu da ke aiki a Yauri da Ngaski da Shanga su karɓi ɗalibai biyar ko shida, tare da malami, su zauna da dattawa goma. Abin da aka tara a ajiye kwafi ɗaya a laburaren makaranta, a aika ɗaya sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ni na ɗauki nauyin koyar da awon, kuma zan zo da tsingarona don a ga irin kuskuren da ba a so.

Dattijon nan matuƙi, na koma nemansa bara, aka ce mini ƙafa ta hana shi shiga jirgi, jikansa ke tuƙi yanzu. Yaron ya san inda ake kewayewa, amma da na tambaye shi dalili, sai ya ce haka ya ga ana yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.