Lambar da ta gagari rabo: jawabi a taron malaman reshe

Mai girma shugaban reshe, iyayena da 'yan'uwana malamai maza da mata.

Ga lambar da na rubuta a allo: 2,147,483,647. Samunta ba wuya. Ku fara da ɗaya, ku yi ta ninkawa har sau 31, sannan ku cire ɗaya.

Da kallo kawai ɗan firamare zai gaya mana cewa mara ce, ba cika ba, kuma biyar ba ta raba ta, tunda da bakwai ta ƙare. In an tara alƙalumanta za a sami 46, saboda haka uku ma ba ta raba ta. To, nan ne yaranmu da yawa kan tsaya su yanke hukunci cewa tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, waɗanda zan kira gagara-rabo. Ba na ganin laifinsu. Mu ne muka sa su haddace 2, 3, 5, 7, 11 kamar waƙa, ba mu nuna musu yadda ake gwadawa ba.

Ku dubi 'yar'uwarta. A ninka ɗaya sau 11 a cire ɗaya, a sami 2,047. Siffarsu guda, amma 2,047 ita ce 23 sau 89. Irin waɗannan lambobi ana jingina su ga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe na ƙarni na 17, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke gagarar rabo.

Tamu ta gagara, kuma Leonhard Euler ne ya tabbatar da haka a 1772, a lokacin da idanunsa suka kusa mutuwa gaba ɗaya. Bai bi lambobi biliyan biyu ɗaya bayan ɗaya ba. Da fari, duk lambar da ke rabuwa tana da mai raba ta wanda in an ninka shi da kansa ba zai wuce ta ba. Wannan ya tsai da bincike a 46,340. Sa'an nan ya nuna cewa mai raba wannan lamba dole ne ya bar ragowar 1 ko 63 in an raba shi da 248. Da haka aikin ya koma gwada lambobi gagara-rabo 84 kacal, kuma babu wadda ta raba ta.

Iyayen yara na iya tambaya, ina amfanin wannan? Lambar nan ita ce iyakar ƙidayar tsofaffin kwamfutoci da yawa. Masu ƙirga daƙiƙu tun daga 1 ga Janairun 1970 za su kai gare ta ranar 19 ga Janairun 2038, kuma duk na'urar da ba a gyara ba, agogonta zai rikice.

Roƙona shi ne, ranar Litinin kowa ya rubuta 91 a allo, ya tambayi ajinsa ko tana rabuwa, kada ya karɓi amsa sai da hujja. Wanda ya kawo 7 da 13, a tambaye shi me ya sa ba sai an gwada abin da ya haura 9 ba.