A Auna a Bakin Kogi, a Sake Aunawa a Urushalima

 Maganar da za mu yi yau ba mai daɗin ji ba ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Magana ce a kan kayan agajin da muke tarawa, ko wanda ake aikowa ta hannunmu, zuwa ga 'yan'uwan da rikici ya raba da gidajensu. Wa ke zuwa ya gani da idonsa cewa kayan sun kai?

Dukanmu mun san abin da ya faru a shekarar 2014. A watan Afrilu aka sace 'yan matan Chibok, a watan Agusta Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram, a watan Oktoba kuma hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi ta tashi. Wasu suka gudu Maiduguri da Yola da Jos, wasu suka haye Kamaru zuwa sansanin Minawao. Tun daga lokacin ikkilisiyoyinmu, ƙanana da manya, suke tara masara da tufafi da baiko na musamman. Mun gode wa Allah domin wannan. Amma sau da yawa da zarar mota ta tashi daga ƙofar coci, sai mu yi addu'a mu watse, ba wanda ya ƙara tambaya.

Kada mu ce zato ne kawai. A watan Yuni na 2017 fadar shugaban ƙasa da kanta ta faɗa cewa a baya, cikin kowace mota 100 ta hatsi da aka tura arewa maso gabas, kimanin 50 ake karkatarwa. A ƙasar Habasha kuma, a 2023, Amurka da Hukumar Abinci ta Duniya suka dakatar da agajin abinci na tsawon watanni bayan sun gano ana sace shi ana sayarwa a kasuwa. Ku lura da wanda ya sha wuya a nan. Ɓarawon ya riga ya ci nasa. Gwauruwa da maraya su ne suka kwana da yunwa sau biyu: lokacin da aka sace rabonsu, da lokacin da aka tsai da agajin.

Manyan ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna fama da wannan. Wurare da yawa ma'aikatansu ba sa iya shiga. A Rann, cikin Jihar Borno, an kashe ma'aikatan agaji a watan Maris na 2018, aka sace ungozomomi biyu na Red Cross, daga baya aka kashe su. Saboda haka suka fito da dabarar ɗaukar masu sa ido na dabam, waɗanda ba su da hannu a sayen kaya ko rabonsa. Irin wannan mutum yakan je bayan an yi rabo, ya zaɓi gidaje daga cikin jerin sunaye ba tare da mai rabo ya nuna masa ba, ya tambayi abin da aka samu, ya auna, ya ɗauki hoton rijiyar da aka ce an haƙa. Inda ba hanya, a buga wa mutane waya. Rahotonsa kuwa ga masu bayarwa yake kai shi, ba ga mai rabo ba.

Wani zai ce wannan al'adar Turawa ce, mu 'yan'uwa ne, da bangaskiya muke aiki. To, mu buɗe Littafi Mai Tsarki. A Ezra sura 8, Ezra zai kai azurfa da zinariya daga Babila zuwa Urushalima ta hanyar da 'yan kwanto suke. Ya yi azumi, ya yi addu'a, sa'an nan a bakin kogin Ahawa ya auna dukiyar ya danƙa wa firistocin da ya keɓe. Da suka isa, a rana ta huɗu aka sake aunawa a Haikali a hannun waɗansu mutane dabam, aka kuma rubuta. Firistoci ne fa aka auna wa kaya. A 2 Korintiyawa sura 8, Manzo Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar tsarkaka shi kaɗai ba. Akwai ɗan'uwan da ikkilisiyoyi da kansu suka zaɓa ya yi tafiyar, domin kada a sami abin zargi. In Bulus bai ɗauki wannan a kan raini ba, mu wane ne?

Mu ma abin ya taɓa cin mu. Shekarun baya mun aika da hatsi wani ƙauye mai nisa, aka dawo mana da takarda cike da dangwalen yatsa, muka karanta a majalisa muka yi murna. Bayan watanni wata tsohuwa daga can ta zo jinya garinmu. Muna gaisawa muka tambaye ta yadda hatsin ya yi mata. Ta ce, "Baba Fasto, wane hatsi? Sunana dai an rubuta." Mun ji kunya ƙwarai a ranar. Laifin bai tsaya kan wanda ya yi rabo ba. Mu ne muka bar mutum ɗaya da rubuta sunaye, da rabo, da kawo rahoto, muka sa shi cikin jaraba.

Domin haka muna roƙon kowace majalisar ikkilisiya ta ɗauki waɗannan matakai.

Na ɗaya, a raba aiki uku: mai rubuta sunaye dabam, mai rabo dabam, mai dubawa dabam. Mai dubawa ya fito daga wata ikkilisiya, kada ya zama dangin mai rabo, kuma mu biya masa kuɗin mota da na abinci, kada ya ci daga hannun wanda yake dubawa.

Na biyu, a faɗa wa masu karɓa rabonsu a fili tun kafin a kwance buhu: gida kaza, mudu kaza. Wanda bai san haƙƙinsa ba, ba zai san an tauye shi ba.

Na uku, a sa mata cikin masu dubawa. Akwai abin da gwauruwa ba za ta faɗa wa namiji ba, musamman in an nemi mutuncinta kafin a ba ta abinci. A Ayyukan Manzanni sura 6, kukan da aka yi saboda gwauraye ne ya sa aka zaɓi mutum bakwai. Manzanni ba su tsawata wa masu kukan ba.

Na huɗu, a kiyaye rai. Ba ma tura ɗan wani inda ba za mu tura namu ba. In hanya ba ta biyuwa, a jira ko a yi waya. Wanda ya kawo ƙara kuwa a rufa masa asiri, kada a baza sunansa ko hotonsa, gama mu za mu koma gida, shi kuwa can zai kwana.

Na biyar, kada mu ƙara suna ko ɗaya a jeri domin mu sami ƙari, kada kuma mu cire maƙwabci domin ɗarikarsa, ko ƙabilarsa, ko domin shi Musulmi ne, in dai an ba da kayan domin dukan mabukata.

'Yan'uwa, mu kaɗan ne a wuraren da muke zaune, idanu kuma suna kanmu. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. In aka kama dattijo ɗaya da buhun marayu a rumbunsa, ba sunansa za a kira a kasuwa ba, sunan Masihiyawa za a kira. Dubawa tana kāre mai gaskiya daga tsegumi, tana kuma tsare mai rauni daga faɗuwa. Mu da ke shugabanci mu fara miƙa littattafanmu a duba kafin a tambaye mu.

Ubangiji ya same mu amintattu a kan ƙaramin abu da babba. Amin.