Almakashin da ya gano makunnin sikila

Daga nan Birnin Tudu nake magana, ina gaida masu sauraronmu na Bakura da Talata Mafara da Maradun, da ku da ke bin mu daga nesa. Yau za mu leƙa cikin ƙwayar halitta, amma ku yi haƙuri da ni, ƙarshen maganar a gidajenmu take, kan cutar sikila.

A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinka akwai zaren DNA da in aka warware shi zai kai kusan mita 2, alhali cibiyar da yake zaune a ciki ko ido ba ya ganinta. To yaya ya shiga? Nannaɗe shi aka yi a kan wasu ƙananan dunƙulen furotin da ake kira histon, kamar yadda tela ke naɗe zare a jikin kwarkwaro. Wannan haɗin na zare da histon shi ne kuromatin. Wani wuri an ɗaure shi tam, wani wuri an sassauta. Inda aka sassauta, nan ne ƙwayar ke karanta umarnin da ke rubuce.

Tambayar ita ce, ta yaya za ka san ina ne a sake, tunda ba ka iya gani? Dabarar ta burge ni ƙwarai. A 1976, Harold Weintraub da Mark Groudine a Amurka suka ciro cibiyoyin jajayen ƙwayoyin jinin kaza, suka zuba musu ɗan wani enzaim mai suna DNase I, wanda aikinsa yanka DNA. Ku ɗauke shi kamar almakashi makaho: duk inda ya samu ƙofa sai ya yanka, inda aka ɗaure kuwa sai ya wuce. Sai suka ga sashen da ke ɗauke da umarnin ƙera himoglobin ya yanku da wuri a ƙwayoyin jini, amma a ƙwayoyin da ba sa yin himoglobin bai damu ba. DNA ɗin iri ɗaya ne, naɗin ne ya bambanta.

Yanzu mu zo gida. Kun san jariri mai SS galibi lafiya lau yake a watannin farko, sai wajen wata 6 kumburin hannu da ƙafa ya fara. Dalili kuwa shi ne da himoglobin na jarirai ake haihuwarsa, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje. Bayan haihuwa sai wani furotin mai suna BCL11A ya rufe shi. A 2013, ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya bi sawun wannan almakashin, ya gano wani ɗan wuri a sake cikin sashen BCL11A, wanda ƙwayoyin jini kaɗai ke amfani da shi wajen kunna shi. Ka lalata wannan makunnin, himoglobin na jarirai ya dawo, sauran jiki bai taɓu ba.

A kan haka aka gina maganin Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba. Kuɗinsa? Dala miliyan 2.2 ga mutum guda, ban da ciro ƙwayoyin ɓargo da magani mai ƙarfi da ake ba mutum kafin a mayar da su. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, amma maganar gaskiya wannan farashin ba da mu aka yanka shi ba.

Abin da ke kusa da mu shi ne haidroksiyuriya, ƙwaya ce da ita ma ke ɗaga himoglobin na jarirai. Likita ne ke rubuta ta tare da duba jini a kai a kai, don Allah kada wani ya je kemis ya saya da kansa. Sai kuma gwajin jinotayif kafin maganar aure ta yi nisa, wanda Kano ta mayar da shi doka a 2024. Ni dai ina ganin ya kamata matasan Zamfara mu kai wannan batu gaban majalisar dokoki a Gusau. Mako mai zuwa a kan yadda ake rubuta irin wannan takardar za mu tsaya, ku turo tambayoyinku.